Tambaya Da Amsa: Ɗan Sanda Ya Zalunce Ni, Wace Ƙofa Zan Buga?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan duk kan abu ɗaya ne, masu kaki a Kamaru da abin da suke yi wa mutane, sai na tsinci guda biyar. Sunaye da unguwanni na cire da gangan, kun san dalili.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni uwa ce daga Marwa, ɗana shekararsa 22 yana tuƙa kalando, wato mashin ɗin haya, ran wata Laraba da daddare 'yan sanda suka kama shi wai mashin ɗin na sata ne alhali takardunsa suna gida, washegari muka kai takardun amma basu sake shi ba sai ran Talata bayan kawunsa ya bada jaka 30, ya fito tafin ƙafarsa a kumbure ko taka ƙasa baya iyawa yace da gefen adda suka riƙa dukansa wai sai ya amsa. Maƙwabta sunce in bar wa Allah, babansa ya rasu bani da kowa, amma wallahi zuciyata ta ƙi kwanciya. Shin akwai inda ake kai ƙarar ɗan sanda a ƙasar nan kuma a saurari talaka?

AMSA: Hajiya sannu, Allah ya ba yaron lafiya ya jiƙan mahaifinsa. Akwai inda ake kaiwa, ba ɗaya ba ma. Amma kafin maganar ofis, in baku kai shi asibiti ba to ki ajiye mujallar nan ku tafi yau, ba gobe ba. Asibitin gwamnati, wurin likita, ba mai kemis na bakin titi ba, kuma ba magani kaɗai kuka je nema ba, ki ce kina son takardar likita ta shari'a, wadda ake kira sartifika mediko-legal. Ana biyan kuɗinta, ki karɓi rasit. Likita zai rubuta raunukan da ya gani da adadin kwanakin da yaron ba zai iya aiki ba, kuma wannan adadin shi ne ƙashin bayan maganar gaba ɗaya, domin dokar hukunta laifuka ta Kamaru ta 2016, a sashe na 277-3 da yake magana kan azabtarwa, da kwanakin nan take auna hukunci. In kwana 30 ne ko ƙasa da haka, ɗaurin shekara 2 zuwa 5. In ya haura kwana 30, shekara 5 zuwa 10. In an rasa wata gaɓa har abada 10 zuwa 20, in rai ya fita kuwa ɗaurin rai da rai. To kin gani, kumburin da zai sace nan da sati biyu shi ne shaidarki, in ya sace ba a rubuta ba sai a ce faɗuwa ya yi a mashin. Yaron ya nuna wa likita komai, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, samari suna da wannan kunyar ta banza. A ɗauki hotuna da waya, na kusa da na nesa yadda fuskarsa za ta fito, a tura wa wani ɗan uwa ya ajiye.

Sai maganar kwanakin da ya yi a selil, wato ɗakin tsarewa. Dokar tsarin shari'ar laifuka, ta 2005 wadda ta fara aiki 1 ga Janairu 2007, ta ce gardabi, wato tsare mutum a hannun 'yan sanda, awa 48 ne, ana iya sabuntawa sau ɗaya, wato kwana huɗu kenan, abin da ya wuce haka sai da izini a rubuce daga mai gabatar da ƙara na gwamnati, wanda muke cewa forokira. Daga daren Laraba zuwa Talata ki ƙirga da yatsunki. Ko dai akwai takardar forokira a fayil ɗinsa ko babu, in babu sun taka doka. Kuma ko akwai ɗin, babu takardar da take halasta gefen adda, babu kuma wadda ta ce a karɓi jaka 30 a hannu ba rasit. Dokar ma ta ce wanda aka san gidansa ba a tsare shi haka kawai sai in babban laifi ne ko an kama shi dumu-dumu, kuma iyalinsa da lauyansa suna da damar ganinsa a lokacin aiki, kuna da damar neman likita ya duba shi yana ciki. Na san a aikace mai gadin ƙofa zai ce miki "ki dawo gobe", ina faɗa miki abin da ke rubuce ne don ki san inda kika tsaya.

Yanzu ƙorafin. Kuskuren da mutanenmu suka fi yi shi ne komawa komisariyar da aka yi abin su ce sun zo kai ƙara wurin kwamishina, shi kuma ya ba su kujera, ya ce zai duba, ya raka su har bakin ƙofa, magana ta mutu a nan ba ko layi ɗaya a takarda. Kar ki yi haka. A rubuta ƙorafin da sunan yaron tunda ya wuce shekara 21, shi zai sa hannu. Abin da za a sa a ciki ba wani dogon turanci ba ne: ranar da aka kama shi da ƙarfe nawa da wurin, inda aka kai shi, su nawa ne, sunan da ya ji ana kiran wani ko ya karanta a ƙirjin riga, in bai san suna ba ya kwatanta, dogo ne, yana da tabo, shi ne mai zama a teburin farko. Wa ya doke shi da me, a wane ɗaki, wa yake tsaye. Wa ya karɓi kuɗin daga hannun kawu, ƙarfe nawa, gaban wa. In ta Orange Money ko MoMo aka tura to Allah ya taimake ku, saƙon yana nan da lamba da lokaci, kar a goge. Waɗanda suka kwana selil tare da shi ma shaidu ne in za su yarda.

Roƙona ɗaya, kar a ƙara gishiri. In mutum biyu suka doke shi kar a ce biyar, in jaka 30 ce kar ta zama 50 don abin ya yi nauyi. Ƙarya ɗaya in aka kama ta sai ta cinye gaskiya goma, bayan haka akwai laifin ƙazafi a sashe na 304, wanda kika kai ƙara zai iya juyowa kanki da shi.

A yi kwafi aƙalla shida. Na farko ofishin forokira a kotu, da tambur na jaka ɗaya da rabi a kai, a haɗa kwafin takardar likita da hotuna, asalin takardar kuwa ta zauna a gida cikin akwati. Na biyu wurin waɗanda ake kira 'yan sandan 'yan sanda, wani sashe ne na musamman da aka kafa a 2005 a ƙarƙashin hukumar 'yan sanda ta ƙasa, DGSN, don binciken ma'aikatanta, yana da reshe a ofishin babban wakilin 'yan sanda na jiha, ku naku yana nan Marwa, ba sai kin je Yawunde ba. Na uku Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Kamaru, wadda dokar 19 ga Yuli 2019 ta kafa a madadin tsohuwar, tana da ofishin jiha, tana da lambar kyauta 1523, kuma dokar ta ba ta ikon shiga wuraren tsare mutane ta duba. Ba ta ɗaure kowa, amma wasiƙarta in ta sauka a teburin kwamishina ba kamar taki ba ce.

Duk inda kika miƙa, ki miƙa biyu, su riƙe ɗaya su buga miki hatimi da kwanan wata da lamba a ɗayar ki dawo da ita. Wannan shi ake kira desharji. Na yi shekaru ina rubuta wa mutane takardu a bakin kotu kafin in fara wannan filin, kuma wallahi fayil ɗin da na ga ya "ɓata" kusan kullum na wanda bai karɓi desharji ba ne. Mai desharji in ya dawo bayan sati biyu ya ajiye takardarsa a tebur ya ce lamba kaza ta ranar kaza ina ta kwana, sai kaga sakatare ya gyara zama.

Hanyoyin nan ba aiki ɗaya suke ba, ki gane. 'Yan sandan 'yan sanda na ladabtarwa ne a cikin gida, za su kira yaron su ji ta bakinsa, su kira wanda ake zargi, su duba rajistar gardabi, su rubuta rahoto sama, abin da kan biyo baya shi ne gargaɗi, dakatarwa ta wata uku irin wadda mukan ji ana karantawa a rediyo, rage girma ko kora. Ɗauri da diyya kuwa na kotu ne. Kuma a kotun akwai wani abu da yake sa mutane su ɗauka an danne maganarsu alhali ba lallai ba: in wanda ake ƙara jami'in binciken laifi ne, kamar kwamishina ko ofisa, sashe na 634 ya ce forokira ya tura fayil ga babban forokira, shugaban kotun ɗaukaka ƙara ya zaɓi wata kotu dabam ba ta inda mutumin yake aiki ba. Hikimar a fili take, kar abokin shan shayinsa ya yi masa shari'a, amma hakan na nufin jinkiri da kuɗin mota zuwa wani gari, ki shirya ma wannan. In kuma wata da watanni sun wuce forokira shiru, akwai hanyar kai ƙara kai tsaye wurin alƙali mai bincike kina neman haƙƙinki, sai dai ana ajiye wasu kuɗi da shi alƙalin zai yanke, a nan kam lauya ya zama dole. Akwai kuma kwamitin biyan diyya kan tsarewa ba bisa ƙa'ida ba a Kotun Ƙoli, wa'adinsa wata 6 ne daga ranar da aka sake shi, ki rubuta ranar Talatar nan a bango.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi kashe irin wannan ƙarar. Da zarar takarda ta fara tafiya za a turo miki mutane, ba masu kaki ba, a'a, wani dattijo mai mutunci, ko lawan, ko wani daga dangin mijinki, a ce a rufa wa juna asiri, mutumin yana da iyali, ga jaka 30 ɗinku ga kuɗin magani. Ba zan ce miki kar ki karɓa ba, ke kika san tukunyarki kuma ke za ki ci gaba da zama a garin, yaron ma kan titin zai koma da mashin. Amma ki lura, ba su zo ba sai da takarda ta motsa. In za a yi sulhu a yi shi gaban shaidu, a rubuta, kar ki miƙa asalin takardar likita ko desharji ga kowa. In kuma barazana ce ta zo maimakon dattijo, ita ma a rubuta a kai inda aka kai na farko. Masu cewa ki bar wa Allah, ai wanda ya kai ƙara ma bai ƙwace daga hannun Allah ba.

TAMBAYA: Malam ni ɗan kasuwa ne ina ɗaukar kaya daga Garwa zuwa Kuseri, a wani shinge kullum sai an karɓi jaka biyu ko uku ko takardu sun cika, ran nan na ƙi sai suka riƙe katina na ɗan ƙasa awa huɗu a rana. Na kira 1500 aka ce ba nasu ba ne. To na wa ne?

AMSA: Alhaji ina jin masu jar hula ne suka tare ka, wato jandarmomi. Mu duk mai kaki ɗan sanda muke ce masa, amma gida biyu ne. 'Yan sanda suna ƙarƙashin DGSN wadda take amsa wa fadar shugaban ƙasa kai tsaye, Martin Mbarga Nguélé aka naɗa shugabanta a 2010, lambarsu ta ƙorafi 1500. Jandarmomi sojoji ne, suna ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, tasu lambar 1501, kuma in rubutu za ka yi to sama da birgad, wato ƙaramin ofishinsu, akwai kwamandan kamfanin jandarma, sama da shi har zuwa kwamandan lejiyon da yake babban birnin jiha. Laifin da jandarma ya yi a bakin aiki kotun soja yake zuwa. In soja ne tsantsa, akwai ofishin tsaron soja da ake kira Semil. Maganar cin hanci kuma ko waye ya yi, akwai CONAC, hukumar yaƙi da rashawa da aka kafa a 2006, lambarta 1517.

Kira yana da amfani in kana wurin abin yana faruwa, ka matsa gefe ka faɗi sunan wurin da lokaci da lambar motarka. Amma kira iska ne, baya barin komai a hannunka. Kuma ka yi hattara yadda za ka tsara maganar, doka tana hukunta mai bayarwa kamar yadda take hukunta mai karɓa, in ɓera da sata daddawa ma da wari, to ka faɗi gaskiyar yadda aka tilasta ka, an riƙe kati, an hana mota tafiya. Shawarata kar ka yi shi kai kaɗai. Hanyar nan za ka sake bi jibi, su kuma suna nan. Ku sa direbobi su riƙa rubuta rana da wuri da adadi na wata guda, ƙungiyarku ta 'yan kasuwa ko sandikan direbobi ta sa hatiminta a kai, mutum ashirin su sa hannu, a kai kwafi har ofishin gwamna. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Kuma don Allah katinka ya zama mai rai, rashin kati laifi ne tun dokar 1990, wanda nasa ya mutu shi ya ba su wuƙa da nama.

TAMBAYA: Yaya ni ɗalibi ne a Ngaundere, na ɗauki bidiyon wani ɗan sanda yana marin mai tura baro, in saka a Facebook ko TikTok?

AMSA: Ƙanena bidiyo yana aiki, ba musu. Bidiyon kisan mata biyu da yaransu a Zelevet da ya bazu a 2018, da farko gwamnati cewa ta yi ƙarya ne, daga baya aka kama sojoji, a Satumban 2020 kotun soja ta Yawunde ta ɗaure huɗu shekara 10, ɗaya shekara 2. Ba don bidiyon ba da babu wanda zai ji. Amma ka fara tambayar mai baron, fuskarsa ce a ciki ba taka ba, shi za a nema gobe a kasuwa. Ka ajiye asalin bidiyon yadda yake ba yanka ba waƙa a kai, ka tura wa mutum biyu da ka yarda da su, in mai baron zai kai ƙara a haɗa da shi. In ka saka ne ka ƙara da sunan da baka tabbatar ba ko labarin da baka gani da idonka ba, dokar intanet ta 2010 tana da ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2 kan yaɗa labarin da ba za ka iya kawo hujjarsa ba. Layik ɗin da za ka samu ba zai kai maka abinci kurkuku ba.

TAMBAYA: Malam wana ana binsa bashin jaka 400 na kuɗin masara, mai kuɗin ya kai shi birgad an kulle shi yau kwana tara, sunce sai mun biya rabi. Haka doka tace?

AMSA: A'a ɗan uwa. Bashi tsakanin mutum biyu maganar kotun farar hula ce, selil ba wurin karɓar bashi ba ne, shi ya sa za ka ga a takarda ba sa rubuta bashi, sai su rubuta zamba ko cin amana don abin ya yi kama da laifi. Ko da hakan ne kwana tara ya wuce misali. Akwai tsarewar kwana 15 da ake sabuntawa, amma wannan ta masu fashi da tare hanya ce da gwamna ko firefe, wato shugaban gunduma, ke sa hannu a ƙarƙashin dokar 1990, ko ta ta'addanci a dokar 2014, masara bata shiga ciki ba. Gobe da safe ka je ofishin forokira da takarda, doka ta ba shi ikon shiga kowace komisariya ko birgad a kowane lokaci ya sa a saki wanda aka tsare ba daidai ba. In nan bata yi ba, sashe na 584 ya ba shugaban babbar kotu ikon bada umarnin saki nan take, kuma ba dole wanda ke ciki ya rubuta da kansa ba, kai ma za ka iya nema masa. Ku fara fito da shi, ƙorafi kan waɗanda suka tsare shi ya biyo baya. Amma fa bashin yana nan, ku biya bawan Allah kuɗinsa. Kuma bari in faɗi wadda ba za a so ba, mai masarar nan ɗan uwanmu ne, tare muke sallah, mu ne muke ɗaukar jaka goma mu kai wa mai kaki mu ce a ɗan matsa wane, ranar da aka matsa namu kuma mu rubuto wa mujalla.

TAMBAYA: Baba ni ban yi lakwal ba, bana jin Faransanci, duk wannan rubuce-rubucen wa zai yi min?

AMSA: 'Yata wannan ba zai hana ki ba. Doka ta yarda a kai magana da baki a rubuta miki, sai dai na fi son ki shiga da takardarki a hannu saboda desharji. Masu rubutu suna nan bakin kotu da bakin ofishin sufurefe, ki yi ciniki kafin ya fara, in ya gama ki sa wani dabam, ɗanki ko malamin makarantar unguwa, ya karanta miki ya fassara layi-layi kafin ki dangwala. Haka in an kira ki jin bahasi, ki nemi tafinta, Hausa ko Fulatanci, ki ce a karanta miki abin da aka rubuta. In kin ji abin da baki faɗa ba ki ce a gyara, in sun ƙi kina da damar ƙin sa hannu, sai su rubuta cewa kin ƙi. Ki tafi da mutum ɗaya ya zauna a waje yana jiranki, wayarsa da caji.